Auren Jinsi: Rigimar da Ba a Kan Aure Ake Yin Ta Ba

Ranar Alhamis, 4 ga Yulin 2024, jaridar Daily Trust ta fito da babban labari cewa Najeriya ta sa hannu kan wata yarjejeniya ta dala biliyan 150 mai suna Samoa, kuma a cikinta akwai sharaɗin goyon bayan 'yan luwaɗi da maɗigo. Ba a kai magariba ba labarin ya gama gari. Da daren nan ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu, wani matashi ya ɗora wayarsa tsakanin gwangwanin madara da kiret ɗin ƙwai, ya kunna mana dogon saƙon murya, inda wani yake rantsuwa da Allah cewa an sayar da 'ya'yanmu. Kowa ya ɗauki salati. Da na tambaya ko a cikinmu akwai wanda ya ga takardar da idonsa, mai shayin ko ɗagowa daga kan kasko bai yi ba, ya ce, "Malam, sai ka ɗanɗana guba kafin ka yarda tana kisa?" Washegari Juma'a ce, limamai da dama suka hau mumbari da maganar.

Takardar kuwa tana nan a intanet ga duk mai son karantawa. An ƙulla ta a birnin Apia na ƙasar Samoa ranar 15 ga Nuwamban 2023, tsakanin ƙasashe 27 na Tarayyar Turai da ƙasashe 79 na Afirka da Karibiyan da yankin Fasifik. Ita ce ta gaji yarjejeniyar Kwatano ta 2000, wadda ita ma ta gaji ta Lome ta 1975. Najeriya ta ja ƙafa, ba ta sa hannu ba sai 28 ga Yunin 2024 a Brussels. A cikinta babu inda aka ambaci luwaɗi ko maɗigo ko auren jinsi. Turawan sun so a saka, ƙasashen Afirka suka tubure, aka tsaya kan wata jimla da ta hana nuna wariya saboda kasancewar mutum namiji ko mace, ko saboda asalinsa, addininsa, ra'ayinsa na siyasa, nakasa, shekaru, "ko wani matsayi". Dala biliyan 150 ɗin ma babu ita a ciki. Adadin ya fi kama da yuro biliyan 150 na zuba jari da Tarayyar Turai ta yi wa nahiyar Afirka gaba ɗaya alkawari a Fabrairun 2022. Ministan kasafi Atiku Bagudu da ministan yaɗa labarai Mohammed Idris suka musanta, shugaban ƙungiyar lauyoyi na lokacin, Yakubu Maikyau, ya ce shi ma bai ga wannan sharaɗi ba. Daga baya hukumar sauraren ƙorafe-ƙorafe kan kafafen yaɗa labarai ta yanke cewa rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta ba da haƙuri.

Amma mai shayinmu ba wawa ba ne, kuma zarginsa ba daga sama ya faɗo ba. A Oktoban 2011, wajen taron ƙasashen renon Ingila a birnin Perth, firaministan Birtaniya David Cameron ya fito fili ya ce ƙasarsa za ta iya rage tallafi ga gwamnatocin da ke hukunta masu neman jinsinsu. Da Yuganda ta kafa dokarta mai tsanani a Mayun 2023, wadda ta tanadi har da hukuncin kisa a wasu yanayi, Bankin Duniya ya dakatar da ba ta sabon rance a watan Agusta, Amurka kuma ta cire ta daga tsarin cinikayya na AGOA a farkon 2024. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ga kuma matsalar harshe, wadda ba kasafai ake kula da ita ba. Kalmar "jinsi" ɗaya muke da ita. In takarda ta yi maganar daidaita maza da mata a makaranta ko wajen aiki, mai fassara ya ce "daidaiton jinsi", kunnen Bahaushe "auren jinsi" yake jiyowa daga nesa.

Abin da ya kamata a fara warwarewa shi ne, tambayoyi daban-daban ne aka ɗaure wuri guda aka kira su muhawara ɗaya. Ko aikin halal ne ko haram, wannan tambayar addini ce. Ko gwamnati za ta ɗaure wanda ya aikata, wannan ta dokar laifuka ce. Ko gwamnati za ta rubuta mutum biyu masu jinsi ɗaya a matsayin ma'aurata, wannan kuma wata ce can daban. A ƙasashen da suka halatta, ba rana ɗaya aka amsa su ba. Ingila ta daina hukunta aikin tsakanin manya a 1967, amma ba a ɗaura auren farko ba sai Maris ɗin 2014, bayan shekara 47. Holan ce ta fara a duniya, ranar 1 ga Afrilun 2001. Indiya ta tsaya a tsakiya: kotun ƙolinta ta soke hukuncin a 2018, amma a 2023 ta ƙi halatta auren, ta ce aikin majalisa ne. Botswana, Angola da Mozambik sun cire hukuncin ba tare da sun buɗe ƙofar aure ba. A duk Afirka, Afirka ta Kudu kaɗai ke ɗaura shi, tun 2006, kuma can ma kotun tsarin mulki ce ta tilasta wa majalisa, saboda kundin 1996 da aka rubuta bayan mulkin wariyar launin fata ya hana wariya a kan wannan ma.

Don a gane abin da ya sa Turawa suka ɗauki maganar da zafi, sai an duba abin da aure yake nufi a dokarsu. A Amurka takardar aure ita ke buɗe ƙofar gado, rangwamen haraji, inshorar lafiya, da iznin tsayawa a kan majinyaci a asibiti. Shari'ar da ta halatta auren a duk faɗin ƙasar ranar 26 ga Yunin 2015 ta samo sunanta daga wani mutum, James Obergefell. Abokin zamansa na shekaru yana kwance yana jiran ajali da ciwon da ke kashe jijiyoyi. Jiharsu ta Ohio ba ta ɗaura irin wannan aure, sai suka ɗauki jirgin marasa lafiya zuwa Maryland a 2013, aka ɗaura musu a cikin jirgin a filin sauka. Da mutumin ya rasu, rigimar ta koma kan layi ɗaya a takardar shaidar mutuwa: za a rubuta ya bar miji, ko za a rubuta gwauro ne? Alƙalai biyar na kotun ƙolin Amurka suka ce dole a rubuta ya bar miji, huɗu suka ƙi. Babban jojin, John Roberts, yana cikin huɗun, kuma hujjarsa ba ta addini ba ce. Cewa ya yi wannan magana ta masu zaɓe ce da majalisun jihohi, ba ta lauyoyi biyar ba. Wato ko a can ba a haɗu a kai ba, ƙuri'a ɗaya ce ta raba gardama. A Ayilan kuwa, ƙasar da Katolika suka yi kaka-gida, jama'a ne da kansu suka amince a ƙuri'ar raba-gardama ta Mayun 2015, da kashi 62 cikin ɗari.

Aure a wajenmu ba a ofis ake haifar sa ba. Waliyyi, sadaki, shaidu da siga, sannan dangi biyu su zama surukai, a raba goro. Shi ya sa furucin "auren jinsi" ma da kansa yake yi wa Bahaushe kamar an ce "busasshen ruwa". Binciken cibiyar Pew na 2023 ya sami kashi 2 cikin ɗari kacal na 'yan Najeriya da ke goyon bayansa. Malaman Musulunci ba su saɓa a kan haramcin aikin ba, labarin mutanen Annabi Luɗu (AS) yana cikin surori da dama, har da A'araf da Hudu. A ɓangaren Kirista, cocin Angilikan na Najeriya ƙarƙashin Peter Akinola na sahun gaba wajen bijire wa 'yan'uwansu na Amurka bayan an naɗa Gene Robinson, mai neman maza a fili, bishop a 2003. Da Fafaroma Francis ya ba da damar sa wa irin waɗannan mutane albarka a Disamban 2023, bishop-bishop na Afirka suka haɗu suka ce ban da nahiyarsu. Ƙasar da ba a cika haɗuwa kan ganin wata ko rabon kuɗin mai ba, a nan kam limami da fasto bakinsu ɗaya.

To in haka ne, me ya kawo dokar hana auren jinsi? Domin tun kafin ta, aikin laifi ne a kowane lungu na ƙasar. Sashe na 214 na kundin laifuka na Kudu ya tanadi ɗaurin shekara 14. Sashe na 284 na kundin finalkod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, shi ma 14. Daga shekarar 2000, bayan Ahmad Sani Yariman Bakura ya buɗe ƙofa a Zamfara, jihohi 12 suka ɗauki shari'ar Musulunci, kuma dokokinsu sun kai har ga jefewa, ko da yake har yau ba a zartar da jifa a kan kowa ba bisa hukuncin kotu. Babu wata rajistar aure a Najeriya da ta taɓa ɗaura wa maza biyu aure, babu wani ɗan majalisa da ya taɓa kawo ƙudirin a halatta. Duk da haka gwamnatin Obasanjo ta kawo ƙudirin haramtawa a 2006, bai kai labari ba. Majalisar dattawa ta zartar da sabo a ƙarshen Nuwamban 2011, wata ɗaya bayan barazanar Cameron, shugabanta David Mark yana cewa duk ƙasar da za ta hana mu tallafi saboda wannan ta riƙe abinta. Goodluck Jonathan ya sa hannu ranar 7 ga Janairun 2014, ana saura kusan shekara guda zaɓe, a shiru, sai bayan kusan mako guda labarin ya fito.

A ganina dokar martani ce ga waje fiye da yadda take magani ga wani ciwo na cikin gida. Cameron ya yi wa masu ƙudirin aikin da su kansu ba za su iya ba, ya mai da maganar ta koma ta 'yancin kai. Daga ranar, duk wanda ya ce a tsaya a duba wani sashe na dokar ya zama ɗan koren Turawa. Sassan kuwa suna da abin dubawa. Shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, wannan kowa ya sani. Wanda ba a cika sani ba shi ne shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka, shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya shiga ko ya tallafa wa ƙungiyar irin waɗannan mutane, da shekara 10 ga wanda ya nuna alamar soyayyar jinsi a bainar jama'a "kai tsaye ko a kaikaice". Wannan "a kaikaice" rami ne mai faɗi, a ƙasar da abokai maza ke tafiya riƙe da hannun juna a kasuwa ba tare da kowa ya kawo komai a ransa ba.

Ana yawan jifan juna da magana biyu, kowacce rabin gaskiya ce. Masu adawa su ce Turawa ne suka kawo ɗabi'ar. Masu fafutuka su ce a'a, Turawa dokar hanawa suka kawo. Na biyun suna da hujja a takarda: finalkod ɗinmu an kwaikwayo shi daga na Sudan, na Sudan daga na Indiya na 1860 da Ingilishi suka rubuta, kundin Kudu kuma daga na Queensland ta Ostareliya. Faransa ta cire wannan laifi daga dokarta tun 1791, shi ya sa da yawa daga ƙasashen renonta ba su gaji hukuncin ba, har Mali da Burkina Faso sai a 2024 da 2025 suka rubuta nasu. Amma a ƙasar Hausa wannan hujja ba ta tafiya da nisa, domin alƙalan daular Usmaniyya ta Sakkwato suna hukunci da littattafan Malikiyya tun kafin Lugga ya taka ƙasar nan. Na farkon su ma sai sun yi haƙuri. Kalmomin luwaɗi da maɗigo ba daga Turanci muka aro su ba, kuma al'umma ba ta raɗa wa abin da ba ta sani ba suna. Duk wanda ya tashi a birni ya san 'yan daudu, da zane a ƙugu da karairayar murya, suna suyar kaji da tuƙin tuwo a bakin tasha. Ba kowane ɗan daudu ne ɗan luwaɗi ba, da yawa suna da mata da 'ya'ya. Ana zaginsu, ana musu wa'azi, ana kuma sayen abincinsu. Ba yarda aka yi da su ba, an dai bar su a gefe, kamar yadda Bahaushe ya saba da abin da ba ya so amma bai ga dalilin tonawa ba.

Akwai wani ƙulli a cikin kalmar luwaɗi kanta. Da ita muke kiran abin da manya biyu suka yi da yardarsu, da ita kuma muke kiran ƙaton da ya yaudari yaro ɗan shekara tara da alewa ya lalata shi a kango. Labaran da ake ji a rediyo kusan kullum na biyun ne. Saboda haka in Bature ya ce "haƙƙin 'yan luwaɗi", shi manya yake nufi, uba a Kano kuwa ɗansa yake hangowa. Fikihu ya hana duka biyun, amma bai ɗauki yaron da aka zalunta a matsayin mai laifi ba. Cakuɗa su ya fi cutar da yaran, domin iyaye kan rufe maganar don kada a liƙa wa ɗansu sunan da zai bi shi har tsufa, mai laifin ya wuce gaba.

Yanzu a dubi yadda dokar ke aiki a ƙasa. A Afrilun 2017 an kama mutum 53 a Zariya bisa zargin bikin auren jinsi. A Disamban 2022 Hisba ta kama 19 a Kano. A 2023 'yan sanda suka tsare sama da 60 a Ekpan ta jihar Delta, jami'an sibil difens suka kama 76 a Gombe. Tsarin kusan ɗaya ne: samame a wurin biki, a jera mutane gaban kyamara, hotuna su zagaya Facebook, daga nan labari ya mutu. Shari'ar da aka fi sa wa ido ita ce ta Legas, inda aka gurfanar da 47 daga cikin waɗanda aka kama a wani otal a Egbeda a 2018. Sun ce bikin zagayowar ranar haihuwa suka je. A Oktoban 2020 mai shari'a Rilwan Aikawa na babbar kotun tarayya ya yi watsi da ƙarar, saboda masu gabatar da ita sun kasa kawo shaidu, wani lokaci ma ba sa zuwa. Kafin nan wasunsu sun rasa aiki, wasu dangi sun kore su. Hukuncin ya riga shari'ar isowa.

A nan ne nake ganin masu kishin addini ya kamata su fi kowa damuwa. Risala ta Ibn Abi Zaid, ta fikihun Malikiyya, wadda kusan kowane almajirin zaure ya bi ta kanta, ta ce wanda ya yi aikin mutanen Luɗu da baligi da yardarsa a jefe su duka. Amma dab da wannan jimla ta ce wanda ya kira wani da "ya kai ɗan luwaɗi" a yi masa haddi, wato bulala tamanin ta ƙazafi. Tabbatar da laifin a mazhabar sai da iƙirari ko shaidu huɗu da suka gani da ido, irin na zina. Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Hukuncin yana da tsanani, ƙofar kaiwa gare shi kuma an ƙuntata ta da gangan. Mu mun haddace jimla ɗaya mun tsallake maƙwabciyarta. A Janairun 2014, 'yan kwanaki bayan sa hannun Jonathan, taron jama'a ya yi wa wata kotun shari'a a Bauchi ruwan duwatsu ana tsakiyar sauraren ƙarar wasu da ake zargi, suna neman a miƙo musu su. Alƙali yana neman shaida, na waje sun riga sun yanke. Yau kuwa ba sai an je kotu ba. Kalmar ta zama makamin da ake jifan abokin hamayyar siyasa da shi, ko malamin wata ƙungiya, ko kishiya, ko shugabar makarantar kwana, kuma 'yan damfara sun gano cewa wanda aka yi wa barazana da ita zai biya ko da bai aikata ba.

Ɓangaren lafiya ba ya shiga huɗuba, amma yana shiga gidaje. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya nuna cewa a cikin mazan da ke neman maza, masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari bayan dokar. Wani zai ce su suka jiyo. Sai dai a al'ummar da kusan kowane namiji sai ya yi aure, mutumin da ya ƙi zuwa gwajin ƙanjamau yana da mata a ɗaki, wadda ba ta san hawa ba balle sauka.

Gana ta nuna yadda 'yan siyasa ke riƙe wannan wuta da tsumma. Majalisarta ta zartar da ƙudiri mai tsauri ranar 28 ga Fabrairun 2024 ba tare da wata turjiya ba. Ma'aikatar kuɗi ta rubuta cewa ƙasar na iya rasa dala biliyan 3.8 na Bankin Duniya, a lokacin da take fama da bashi. Shugaba Akufo-Addo bai ce ya ƙi ba, bai kuma sa hannu ba, ya fake da cewa magana tana kotu, har wa'adinsa da na majalisar suka ƙare a Janairun 2025, ƙudirin ya mutu a kan tebur. 'Yan majalisa sun sami abin faɗa wa masu zaɓe, baitulmali bai rasa komai ba.

Daga nan kuma iskar ta juya ta inda ba a zata ba. Donald Trump ya dawo mulki a Janairun 2025, gwamnatinsa ta daina tallata wannan manufa a ƙetare, sannan ta rushe hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, ɗungurungum. A tsakiyar shekarar Bankin Duniya ya koma ba Yuganda rance, dokarta tana nan daram. Tallafin da David Mark ya ce a riƙe, an riƙe wani kaso mai tsoka nasa, amma ba don auren jinsi ba, kuma asibitocin da ke raba maganin ƙanjamau da na zazzaɓin cizon sauro da abincin yara masu tamowa su suka fara ji a jika. Yarjejeniyar Samoa tana aiki, dokar 2014 ba a taɓa ko wasali ɗaya a cikinta ba. Na koma teburin mai shayin bayan jaridar ta ba da haƙuri, na ba shi labari. Ya ce shi bai ji ba, ya tambaye ni ko da suga zai haɗa min.